Idan ƙafa ta daina ji: ciwon jijiyoyin hannu da ƙafa

Ɗan uwa mai karatu, babu wanda bai taɓa zama bisa tabarma ya tanƙwashe ƙafa har ta sage ba. In mutum ya miƙe sai ya ji tana minjirya, kamar ana soka masa ƙananan allurai. Nauyin jiki ne ya danne jijiya, kuma da an ɗan taka sai abin ya wuce. Wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai mutanen da nasu ba ya wucewa. Wata da watanni tafin ƙafarsu na zugi da raɗaɗi, da dare barci ya gagara. Wasu kuma ba su jin zafin kome, ƙafar ce kawai ta mutu. Ƙaya ta soke su ba su sani ba, takalmi ya zame daga ƙafa su yi ta tafiya ba su lura ba. Likitoci na kiran wannan ciwo neropati, wato lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙo hannu da ƙafa.

A garuruwanmu akan ce sanyi ne, ko tsufa, ko kuma mutum ya taka wani abin da aka binne. Sai a yi ta jiƙo da hayaƙi da ƙaho shekara guda ko biyu. A duk wannan lokaci abin da ke cin jijiyar yana nan yana aikinsa. Ga abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko: mutuwar ƙafa alama ce. Akwai wata cuta, ko wata guba, ko wani rashi a bayanta. In an gano dalilin da wuri, akan tsayar da ɓarnar. In an makara, jijiyar da ta mutu da wuya ta dawo.

Wace jijiya ake nufi?

Da Hausa abubuwa uku muke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda majo ke nema a hannu in zai ɗebi jini. Akwai jijiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, kamar agara. Ta uku ita ce muke magana a kanta. Fara ce, siririya kamar zare, kuma babu jini da ke gudu a cikinta. Irin waɗannan jijiyoyi suna fitowa daga ƙwaƙwalwa da kuma lakar da ke cikin ƙashin baya, su bazu ko'ina a jiki kamar saiwoyin itace. Aikinsu ɗaukar saƙo ne, kamar wayar lantarki. Da yawansu ma suna da rigar da ta lulluɓe su, kamar yadda roba ke lulluɓe waya.

Wasu suna kai labari daga fata zuwa ƙwaƙwalwa: ga zafi, ga sanyi, ga ƙaya. Wasu suna kawo umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa ga nama, shi ya sa kake iya ɗaga ƙafa ko riƙe alƙalami. Wasu kuma suna aiki ba da saninka ba. Su ne ke kula da gumi, da bugun zuciya, da tafiyar abinci a ciki, da fitsari.

Jijiyar da ta fi kowace tsawo ita ce wadda ta taso daga ƙugu ta kai babban yatsan ƙafa. A jikin babban mutum takan kai kusan mita 1. Doguwar hanya ta fi saurin lalacewa, don haka ciwon yakan fara daga yatsun ƙafa.

Yadda ciwon yake nuna kansa

Yawanci yakan zo a hankali, a ƙafa biyu lokaci guda. Da farko yatsu ne ke minjirya ko su yi nauyi. Daga baya abin ya hau tafin ƙafa, ya kai idon sawu, ya nufi gwiwa, kamar mutum yana jan safa sama. In ya kusa kai gwiwa, sai yatsun hannu su ma su fara. Wani zai ce maka ji yake kamar yana taka auduga. Wani ya ce kamar an zuba masa barkono, ko yana tsaye bisa garwashi. Wata ta ce ko zane ya taɓa ƙafarta da dare sai ta ji kamar an yanke ta. Ciwon ya fi tsanani da dare.

In jijiyoyin motsi ne suka taɓu, sai rauni ya bayyana. Mutum ya riƙa tuntuɓe domin gaban ƙafarsa ba ya ɗaguwa, yana jan ta a ƙasa. Mace ta kasa ɗaura zare a allura, ko kofi ya riƙa suɓuce mata. Naman da ke tsakanin babban yatsan hannu da manuni ya rame, wurin ya yi rami. Tafiya cikin duhu ta zama wahala, domin ƙafa ba ta gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take, sai ido ya gani. A azuzuwan yaƙi da jahilci malamai su lura: dattijon da alli ke yawan faɗuwa daga hannunsa, wataƙila ba rashin sabo ba ne.

Akwai wasu alamomin da mutane ba su danganta su da jijiya. Ƙafa ta daina gumi, ta bushe, faso ya yi zurfi. Jiri ya ɗebi mutum in ya miƙe tsaye. Ciki ya cika da ɗan abinci kaɗan. Fitsari ya ƙi fita duka. Namiji ya ga ƙarfinsa na aure ya ragu. Maza da yawa sun ƙarar da kuɗinsu wajen masu tallar maganin ƙarfi, alhali da sun auna sukarin jininsu da sun ga inda matsalar take.

Mai jin raɗaɗi yakan nemi magani, domin ciwon ba ya barinsa ya zauna. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya jin kome. Zafi mai gadi ne. Shi ne ke sa ka janye ƙafa daga wuta, ka tsaya ka cire ƙarangiya. Ƙafar da ba ta ji ba ta da mai gadi. Ɗan tsakuwa a cikin takalmi ya isa ya huda ta tun daga safe har yamma. Ramin ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, daga nan sai maganar yanke ƙafa.

Me ke kawo shi?

Ciwon sukari shi ne kan gaba. Sukari in ya yi yawa a jini shekara da shekaru, yakan lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan matsala in tafiya ta yi nisa. Kada ka ce ai wannan ciwon masu kuɗi ne ko na mutanen birni. Yana ƙauye, kuma yana kama siriri kamar yadda yake kama mai jiki. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, sai ƙafa ce za ta fara faɗa. In ban da minjirya kana yawan jin ƙishirwa, kana tashi fitsari sau da yawa da dare, kana ramewa ba dalili, to kada ka jira.

Na biyu kuturta. A nan ina so mu ɗan daɗe, domin tsoro da kunya sun sa ana ɓoye ta har ta yi ɓarna. Kuturta ba gado ba ce, ba baki ba ne, ba kuma cin wani abinci ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Ƙwayar tana son fata da jijiyoyi. Takan yi shekara 5 a jiki, wani lokaci har 20, kafin ta nuna kanta. Alamarta ta farko tabo ne a fata, wanda ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, kuma in an shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Ita ba lalle ta kama ƙafa biyu daidai ba. Tana iya kama hannu ɗaya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, daga baya su lanƙwashe. Tana iya hana ido rufewa.

Yatsun da kake gani sun gutsure a hannun kuturu, ba cutar ce ta cinye su kai tsaye ba. Hannu ne ya daina ji, ya yi ta ƙonewa a tukunya, ya yi ta yankewa a gona, miki bisa miki. Wanda aka yi wa magani tun yana da tabo kawai, ba zai kai can ba. Maganin ƙwayoyi ne da ake sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 hukumar lafiya ta duniya, OMS, take ba da shi kyauta a ko'ina. Da mutum ya fara sha, ya daina yaɗa cutar. Babu dalilin raba masa kwano ko fitar da shi bayan gari. Maganin yakan sa fitsari ya yi ja, fata ta ƙara duhu na wani lokaci, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Ana fara tambaya a CSI mafi kusa. Asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi yana kula da masu wannan cuta tun cikin shekarun 1950.

Na uku rashin wasu sinadaran abinci da ake kira bitamin B. Bitamin B12 yana cikin nama, da hanta, da kifi, da ƙwai, da nono. Babu shi a hatsi ko ganye. Wanda ya daɗe ba ya samun ko ɗaya daga cikinsu, ko tsohon da cikinsa ya daina tsotse shi, jijiyoyinsa na iya lalacewa, jininsa kuma ya ragu. Bitamin B1 yana cikin dusar hatsi, da wake, da gyaɗa. Farar shinkafar buhu an riga an cire mata shi, haka kuma surfe mai tsanani yana rage shi a gero. Fura da nono, da tuwo da miyar wake ko ta gyaɗa, sun fi wa jijiya amfani bisa farar shinkafa da mai kullum. Giya takan haɗa ɓarna biyu: tana cin jijiya da kanta, tana kuma hana jiki amfana da bitamin.

Wasu magungunan asibiti ma suna taɓa jijiya. Cikin ƙwayoyin tarin fuka akwai ɗaya mai suna izoniyazid da ke rage bitamin B6 a jiki. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciki, da mai shayarwa, da wanda ya rame, da mai ciwon sukari ko sida. Akan haɗa musu da ƙwayar B6 domin kariya. In kana shan maganin tari ka ji ƙafa ta fara raɗaɗi, kada ka ajiye maganin da kanka, domin tarin zai dawo da ƙarfin da ya fi na da. Koma ka faɗa wa wanda ya ba ka. Ƙwayar cutar sida ita kanta tana lalata jijiya. A da akwai wani maganinta mai suna stabudin da ya wahalar da ƙafafun mutane da yawa, amma tun 2009 OMS ta ba da shawara a bar shi, kuma an maye gurbinsa da wasu. Metformin, wanda masu ciwon sukari da yawa ke sha, magani ne mai kyau, sai dai in an daɗe ana shansa yakan rage B12.

Sai guba. Manoman albasa, da tattasai, da wake, da masu lambu, ku saurara. Wasu magungunan feshin ƙwari, irin su piya-piya, suna shiga jiki ta fata da numfashi. Wanda suka buge da ƙarfi yana iya farfaɗowa, sai bayan sati 2 ko 3 ƙafafunsa su yi rauni. Kada a dama magani da hannu tsirara, kada a yi feshi ana fuskantar iska, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin da maganin ya ƙare. Masu haƙar zinariya su ma suna cikin haɗari, saboda zaibar da ake ƙonawa da kuma dalmar da ke cikin wasu duwatsu. A 2010, a Zamfara ta Najeriya, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ga babba, gubar dalma takan sa hannu ya saki daga wuyan hannu, ya kasa ɗaguwa.

Akwai kuma raunin da ke samun jijiya guda ɗaya. Wanda ya fi ciwo a rai shi ne na allura. Wata babbar jijiya tana ratsa tsakiyar ɗuwawu ta gangara ƙafa. In wanda bai iya ba ya soka allura a kanta, yaro yakan yi ƙara nan take, daga ranar kuma ya fara jan ƙafa. Allurar kinin ta gurgunta yara da yawa ta haka. Ma'aikacin da ya koyi aikinsa ya san wurin da ake yi, kuma ga ƙaramin yaro a cinya ake yi. Kada ki miƙa ɗanki ga mai yawo da allura a kasuwa, kome arhar ta. Doguwar naƙuda ita ma takan danne jijiyoyin ƙugu, mace ta tashi daga haihuwa tana jan ƙafa, sau da yawa tare da yoyon fitsari. A Danja an buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a 2012. Mai ciki kuma, ko mai yawan daka da wanki, takan farka da dare babban yatsa da biyu na kusa da shi sun sage. Wannan jijiya ce ta matse a wuyan hannu, kuma na mai ciki yakan wuce bayan haihuwa.

Ciwon ƙoda da ya daɗe, da ciwon maƙoƙo, da maganin ciwon daji, duk suna iya kawo shi. Akwai na gado, amma bai da yawa. Akwai kuma mutanen da za a yi duk awo ba a ga dalili ba, musamman tsofaffi.

Wanda ba a kwana da shi a gida

Duk abin da muka faɗa a sama yakan ɗauki watanni. Amma in rauni ya fara daga ƙafafu yana hawa sama cikin ƴan kwanaki, jiya mutum yana tafiya, yau ya kasa tashi, gobe hannuwa sun saki, to a ɗauke shi zuwa babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana kiran wannan ciwo Giyan-Bare, da sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916. Yakan biyo bayan zawo ko mura da sati 1 zuwa 3. Haɗarinsa shi ne ya kai ƙirji ya tsayar da numfashi. Yawancin waɗanda suka samu kulawa sukan warke, ko da a hankali ne.

Mashaƙo, ciwon maƙogwaron nan da ya ɓarke a Matamai cikin jahar Damagaram a 2023, shi ma yana da guba mai taɓa jijiya. Makonni bayan maƙogwaro ya warke, sai yaro ya riƙa magana ta hanci, ruwa ya riƙa fito masa ta hanci in ya sha, daga baya ƙafafu su yi rauni. Allurar rigakafin jarirai ta sati 6, da 10, da 14 tana kare yaro daga gare shi. Kowane yaro da bai kai shekara 15 ba, in ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai shi CSI a ranar, domin a auna bayan gidansa a ga ko shan inna ne.

Kada kuma a haɗa wannan ciwo da shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka mutu cikin minti kaɗan, matsalar a ƙwaƙwalwa take. Shi ma na gaggawa ne.

Yadda ake gane shi

Akwai gwajin da za ku iya yi a gida, ba da ko dala ba. Mai ciwon ya cire takalmi ya kwanta ya rufe ido. Wani ya taɓa masa kan babban yatsan ƙafa, da na tsakiya, da ƙaramin, da ɗan yatsansa, a hankali, ba dannawa, na daƙiƙa 1 ko 2. A yi wa ƙafa biyu, yatsu 6 ke nan. Duk lokacin da ya ji sai ya ce "na ji". In ya kasa jin 2 ko fiye, ƙafarsa ta fara rasa mai gadinta. Wannan gwaji bai faɗi dalili ba, ya dai ce a tafi asibiti.

A asibiti za a fara da tambayoyi. Yaushe ya fara? Daga ina? Wane aiki kake yi? Wane magani kake sha? Ka tafi da duk kwalayen magungunanka, har da na kasuwa da na gargajiya, kuma ka faɗi gaskiya game da giya. Ba don a kunyata ka ake tambaya ba. Daga nan za a duba ƙafa. Akan dangwala mata wani siririn zaren roba mai kama da na fatsa, a ga ko kana ji. Akan ɗora wani ƙarfe mai rawa a kan ƙashin yatsa. Akan buga gwiwa da agara da ƙaramar gudumar roba. In ana zaton kuturta, za a duba fatar jiki duka a cikin haske, a lalubi jijiyoyin gwiwar hannu da na gefen gwiwar ƙafa a ji ko sun yi kauri.

Awon da ya fi muhimmanci shi ne na sukari. Digon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin a ci kome. In ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce, aka sake wata rana aka samu haka, to ciwon sukari ne. Ana iya neman awon sida, da na ƙoda, da na yawan jini. Ka yarda a yi. Akwai wata na'ura da ke auna gudun saƙo a cikin jijiya, amma sai a wajen ƙwararrun likitocin jijiya, kuma yawancin masu ciwon ba su bukatarta. In ana bukata, CSI zai tura ka asibitin gunduma, shi kuma ya tura ka gaba.

Magani

Maganin farko shi ne na dalilin. Mai ciwon sukari ya riƙe sukarinsa da hawan jininsa, ya rage shayi mai sukari da lemun kwalba, ya riƙa tafiyar ƙasa, ya bar taba. Wannan ba ya ta da jijiyar da ta riga ta mutu, amma yana kare waɗanda suka rage. Mai rashin B12 akan yi masa allurarsa, kuma in an fara da wuri yakan samu sauƙi sosai. Mai kuturta ya sha maganinsa har ƙarshe. In a tsakiyar shan magani, ko bayan an gama, tabo ya kumbura, jijiya ta yi ciwo, ko wani sabon rauni ya fito, ya koma da sauri. Akwai maganin da ke ceto jijiyar in ba a wuce wata 6 ba.

Jijiyar da ta ji rauni tana iya tsirowa, amma tafiyar hawainiya take yi, kamar milimita 1 a yini, wato wajen santimita 3 a wata. Saboda haka sauƙi yakan ɗauki watanni. Kafin nan a riƙa motsa gaɓoɓin kullum domin kada su sandare. Mai jan ƙafa akan yi masa wani abin tallafi da ke riƙe ta a cikin takalmi.

Game da raɗaɗi, ka sani cewa parasetamol da irin su diklofenak ba su cika yi wa ciwon jijiya aiki ba, kuma yawan shan diklofenak yana ɓata ciki da ƙoda. Akwai magungunan da suka dace, kamar amitiriptilin, da gabapentin, da piregabalin. Likita ne ke rubuta su. Akan fara da kaɗan a ƙara a hankali. Suna sa barci da jiri, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu. Ba su kashe ciwon duka, suna dai rage shi har mutum ya samu barci ya yi aikinsa. Tramol na bakin hanya ba mafita ba ne. Yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma sa farfaɗiya. Bitamin ma ba a shansa barkatai, domin B6 in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya.

Tsaga, da ƙaho, da sakiya, da gashi da ruwan zafi a ƙafar da ba ta ji, ina roƙonku a bar su. Kowane ɗayansu sabon miki ne a wurin da miki ba ya saurin warkewa.

Kiwon ƙafar da ba ta ji

Tun da ƙafa ta daina faɗa maka abin da ya same ta, sai ido ya karɓi aikin. Mai alwala sau 5 a yini ya riga ya samu dama. Ko sau ɗaya a cikinsu ka zauna inda akwai haske ka duba tafin ƙafa, da diddige, da tsakanin yatsu. Nemi ja, ko bororo, ko tsaguwa, ko ƙaya, ko wurin da ya fi sauran zafi. In ba ka iya sunkuyawa, ko idonka ya yi rauni, sa madubi a ƙasa, ko ka sa ɗanka ko matarka su duba maka. Bayan wanki a tsane ruwa sosai, musamman tsakanin yatsu. A shafa man kaɗanya ko bazilin a diddige da tafin ƙafa saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu.

Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko da a tsakar gida ne, ko daga ƙofar masallaci zuwa inda ka ajiye shi. Rairayin bazara da tsakar rana yana ƙona ƙafa kamar wuta. Kafin ka sa takalmi, zazzage shi ka sa hannu ka lalubi cikinsa. Takalmin da ya dace shi ne mai taurin ƙasa da ƙaya ba ta hudawa, mai laushin ciki, mai maɗauri a baya, wanda bai matse ba. Silifa mai igiya tsakanin yatsu yakan goge wurin har ya yi miki. Sabon takalmi kuma a fara sa shi awa 1 ko 2 a yini, a cire a duba.

Lokacin sanyi kada ka miƙa ƙafa ga kaskon wuta, sa safa. Ruwan wanka a gwada zafinsa da gwiwar hannu, ko wani ya gwada maka. Mai hawa babur ya yi hankali da salansa. Uwargida wadda hannunta ba ya ji ta riƙa sauke tukunya da tsumma mai kauri, ta sa wa muciya da ludayi doguwar mariƙa. Manomi ya naɗe ƙotar hauya da ƙyalle. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi gefe a ƙwaƙule. Kanta kuma kada a fere ta da reza, a jiƙa ƙafa a goge a hankali da dutsen goge kaushi.

In ka ga miki, kome ƙanƙantarsa, wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, rufe shi da ƙyalle mai tsabta, ka daina taka ƙafar, ka nuna wa ma'aikacin lafiya kafin kwana 2. Kada a zuba masa toka, ko garin magani, ko ƙwayar kafso da aka fasa. Mikin tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi, don haka sanda da hutu suna cikin maganinsa. In ƙafar ta kumbura, ta yi wari, tana fitar da mugunya, yatsa ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, a nemi mota ko amalanke a tafi a ranar.